Yaron Kanti da Mudun Lokaci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako zan dakata da bayanin da muke ciki, domin wata mas'ala da wani tsohon almajirina ya kawo mini, wadda na ga ta shafi mai kanti da yaronsa, ta kuma shafi ma'aikacin ofis ko da bai taɓa tsayawa bayan kanta ba.

Shi wannan yaro mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Faskari. Kowa ya san halin da yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ya shiga saboda ɓarayin daji. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, a watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan waya a waɗannan ƙananan hukumomi na tsawon watanni. Gonaki da yawa suka gagari masu su. Samarin da da suna kan kunyar masara ko auduga sai suka gangaro Funtuwa da Katsina da Kano neman abin yi. Shi dai Allah ya sa ya samu aiki a wani babban kanti irin na zamani, wanda mai saye yake shiga ya ɗebi kaya da hannunsa ya biya a bakin ƙofa. Aikinsa ɗauko katan daga sito, da jera kaya a kan kanta, da share wuri.

Ya ce mini: "Malam, makon farko ban zauna ba sai lokacin salla. Sai abokan aikina suka ja ni gefe suka ce in sassauta, wai zan tona musu asiri. Suka nuna mini wani lungu a bayan buhunan shinkafa inda ake zama da waya in manaja ya fita. Suka ce albashin ma nawa yake? Yanzu wata huɗu ke nan ni ma ina yi, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Shin akwai laifi, tun da ban taɓa ɗaukar ko alawa ba?"

Na ce masa, ɗana, tun da zuciyarka ta ƙi kwanciya, to da sauran alheri a cikinta. Amma bari mu duba abin da malaman fiƙihu suka ce.

Abin da ke tsakaninka da mai kanti sunansa ijara, watau ɗaukar mutum aiki da lada. Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala da muke karantawa a zaurukanmu, ya shar'anta abu biyu a cikinta: a san wa'adi, a kuma ambaci lada. Sa'an nan malamai sun kasa ma'aikaci gida biyu. Akwai wanda yake yi wa jama'a duka aiki, kamar tela ko maƙeri. Shi wannan abin da ya sayar maka shi ne rigar da zai ɗinka, ko da dare ya ɗinka ta ko da rana ba ruwanka. Akwai kuma wanda mutum ɗaya ya keɓe shi na wani lokaci sananne, daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. Wannan na biyu ba wani abu ya sayar ba face lokacinsa. To yaron kanti yana cikin kashi na biyu, haka akawu, haka malamin makaranta, haka darakta a ma'aikata.

In dai lokaci ne hajarka, ashe sa'o'in nan su ne mudunka. Mutumin Faskari ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan mudu. Wanda ya taɓa kai hatsi kasuwar Sheme ko ta Dandume ya san yadda ake kallon ma'aunin da ya bubbuga gindin tiyarsa ta lotsa ciki, ko ya share bakinta da yatsa. Allah Maɗaukakin Sarki ya saukar da sura guda da sunan irin waɗannan mutane, ita ce ta 83 a jerin Alƙur'ani, ya siffanta su da cewa in za su karɓa sai an cika musu, in za su bayar sai su rage. Kada kuma a zaci abin ya tsaya ga gero da dawa. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ya gamu da wani mutum da bai halarci sallar la'asar ba, ya tambaye shi dalili, sa'an nan ya tuhume shi da wannan kalma ta tauye mudu. Malik kuwa ya bi bayan ruwayar da bayanin cewa kowane abu yana da cikawa yana da tauyewa. Yaron da ke karɓar albashin wata cikakke, ko naira ɗaya ba ya yarda a rage masa, amma kullum sa'a biyu tana tafiya a bayan buhu, ya auna wa kansa da tiya cikakkiya, ya auna wa mai kanti da lotsattsiya.

Na tambaye shi: da kake gida, in mahaifinka ya ɗauki 'yan ƙwadago daga safe zuwa azahar, ya dawo daga kai musu fura ya tarar da su a gindin ɗorawa suna barci, me zai ce? Ya yi dariya ya sunkuyar da kai.

Kuma ɓarnar ba ta tsaya ga mai kanti ba. Ƙa'idar jera kaya ita ce a jawo tsofaffi gaba, a sa sababbi a baya. Mai ƙuiya ba ya yin haka. Yakan tura sababbin gwangwanaye a gaba kawai ya tafi, madarar da ke baya ta zauna har wa'adinta ya wuce. Ran da aka zo kanta, ko dai a zubar, asara ta hau kan mai kanti, ko kuwa wata baiwar Allah ta saya ta dama wa jaririnta. Shi yaron bai ɗauki ko alawa ba, gaskiya ne, amma wa ya jawo wannan?

Sai batun salla, wanda nake jin kunyar ambatonsa amma ba makawa. Malamai sun ce lokacin sallar farilla da alwalarta ba ya shiga cikin ijara, mai aiki ba shi da ikon hana shi. To amma sallar azahar ba ta cin sa'a guda da rabi. Wanda ya mai da masallaci maɓoya, ya idar da farilla ya miƙe ƙafa yana latsa waya, abokinsa na can shi kaɗai yana fama da masu saye, ya haɗa laifi biyu: ya ci lokacin da ba nasa ba, ya kuma sa ana zargin masu salla.

Hujjar abokansa kuwa, cewa albashin bai taka kara ya karya ba, ban raina ta ba. Sau da yawa gaskiya ce. Mafi ƙarancin albashi a dokar ƙasa ya tashi daga naira 30,000 ta 2019 zuwa naira 70,000 a 2024, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma yawancin kantunanmu a nan suke fakewa. Sai dai ƙarancin lada ba ya halatta rage aiki a ɓoye. Wanda ya ga an ƙware shi yana da hanya biyu a fili: ya tunkari mai kanti ya nemi ƙari, ko ya cika watansa ya yi sallama. Amma ya karɓi sharaɗi da bakinsa, sa'an nan ya yanka wa kansa sabon sharaɗi a bayan ido, wannan ha'inci ne ko da mai kantin azzalumi ne.

A nan zan juyo gare ku, Alhazai masu kantuna, domin na san wasunku sun fara gyaɗa kai, za su yanke wannan shafi su liƙa a ƙofar sito. Ku dakata. Laifi tudu ne. A tsarin kasuwancinmu na gado, yaro yakan zauna da ubangidansa shekaru, ya ci a gidansa, in ya yi ciwo a kula da shi, in ya isa aure a yi masa, daga ƙarshe a ba shi jari a yaye shi. Yaron yana tsare dukiyar kamar tasa domin yana hango rabonsa a cikinta. Da yawa daga cikin manyan 'yan kasuwar Kantin Kwari ta wannan ƙofa suka shigo. Yau kun ɗauko tsarin albashi, kun ajiye wancan nauyi, amma kuna neman biyayya irin ta da. Yaro ya tsaya daga ƙarfe 8 na safe zuwa 10 na dare, ba hutun mako, albashi ya kai tsakiyar wata na gaba bai fito ba, kwalba ta suɓuce ta fashe a zaftare masa. Alhali a fiƙihu irin wannan ma'aikaci amintacce ne, ba a ɗora masa biyan abin da ya lalace sai in an tabbatar da sakaci ko ganganci. Kuma ya inganta a cikin Buhari cewa daga cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikinsa cikakke, ya hana shi ladansa. Naku mudun shi ma ana dubansa.

Ma'aikatan gwamnati kuma, waɗanda suka manyanta za su tuna 1984, zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na Janar Buhari da Idiyagbon, lokacin da ake tsare makararru a ƙofar ma'aikata a sa su tsallen kwaɗo. Ina yaro a lokacin, na ga dattawa suna sauri kamar 'yan makaranta. Da bulalar ta ɗauke a 1985, sai aka koma gidan jiya, domin aikin ganin ido ba ya wuce inda idon ya tsaya. Mai sa hannu a rajista ƙarfe 10 ya rubuta ƙarfe 8, ran Juma'a kuwa ko leƙowa ba ya yi, shi da yaron bayan buhu hukuncinsu ɗaya, sai dai shi yaron mutum ɗaya zai nema wa yafiya, shi kuwa haƙƙin jama'ar jiha ne a wuyansa.

Daga ƙarshe almajirin nawa ya tambaye ni yadda zai yi da wata huɗun da suka wuce. Na ce istigfari kaɗai ba ya sauke haƙƙin ɗan Adam. Ya ƙiyasta sa'o'in da ya ci, ya je wurin mai kanti shi kaɗai, ya faɗi nasa laifin ba tare da ambaton sunan kowa ba, ya nemi a yafe masa ko a bar shi ya rama da aiki. Ya ce yana tsoron kora, ga shi kuwa da wannan albashi ake ciyar da mahaifiyarsa da ƙannensa da ke zaman gudun hijira. Na ce in haka ne, ya fara da ramawa a hankali, ya riƙa zuwa kafin lokaci yana tashi bayan lokaci har ya ga ya cike gurbin, neman yafiyar kuma ya jira ranar da ya ga fuska. Abokansa za su yi masa ba'a, wataƙila su daina cin abinci tare da shi. Na faɗa masa wannan tun yanzu don kada ya zo masa ba zato.

Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce ranar Asabar akwai motar kaya da za ta zo da sassafe, shi zai fara buɗe sito.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan bayanin da muka dakatar. Wassalamu alaikum.