Kiwo A Cikin Gida: Daɓen Ɗakin Tattabaru

A wannan fitowa za mu duba wani abu da masu tattabaru suka cika mantawa da shi, wato daɓen ɗakin da tsuntsayen ke kwana. Mutum zai kashe kuɗi a kan kwanon rufi da ƙofa da kwaɗo, ya bar ƙasan yadda ya same shi, alhali daga nan cututtuka da dama ke tasowa.

A ƙasar Hausa, inda wasunmu suka gaji wannan kiwo, daɓen gargajiya ya wadatar. Mata su zuba burji, su buge shi da madaɓi, su shafe da ruwan makuba har ya yi tauri. Damina a Kano 'yan watanni ce, sauran shekara rana da iska na busar da komai. To, amma in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A nan Kumasi damina biyu muke yi, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, ruwan shekara kuwa ya kai kusan milimita 1,400. A Moshi Zango gidaje a cunkushe suke, ɗakin tattabaru sau da yawa a lungun bayan gida yake, inda rana ba ta cika leƙawa ba. Daɓen ƙasa a irin wannan wuri laima yake sha, ba ya bushewa.

Illar laima ita ce: ƙwayayen tsutsar ciki da na cutar gudawa suna fitowa ne a cikin kashin tsuntsu, kuma sai sun sami danshi da ɗumi suke nuna har su iya kama wani. Na gudawar kwana ɗaya zuwa biyu ya ishe su. 'Yan shila kuwa, da sun kai kamar mako 4 suka sauko daga sheƙa, a ƙasa suke koyon tsince-tsince, shi ya sa su ne ke fara mutuwa. Saboda haka ma'aunin daɓe guda ɗaya ne: wanda ke bushewa da wuri, kuma ake iya kankare shi tas.

Ga mai gidan kansa, shawararmu siminti ne. A ɗaga shi sama da tsakar gida, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba, don kada laima ta taso daga ƙasa. A ce wa magini ya goge shi sumul, ya ɗan karkata shi wajen ƙofa. Ɓera ba ya iya huda shi, gara ba ta cinsa.

Ga ɗan haya, wanda gobe yana iya tashi, katako ya fi. A yi ɗakin a kan ƙafafu, tsawon kamar ƙafa 2 daga ƙasa, iska ta riƙa ratsawa, tsintsiya kuma ta iya shiga. A haɗa falankan sosai, domin a tsaga ƙazanta da ƙwari ke ɓuya. Katakon wawa yana da araha, sai dai gara da laima ba sa barinsa ya daɗe. In da hali a nemi mai tauri, ko da don ƙafafun ne kawai. Ragar waya ma wasu na sa ta, kashi ya riƙa zuba ƙasa. Tana da kyau in ramukanta ƙanana ne yadda ɓera da maciji ba za su shiga ba, in kuma ana kwashe abin da ya taru a ƙarƙashi.

Garin katako kuwa, ko da yake yana samuwa a banza wajen kafintocin Sokoban, ba mu ba da shawarar a shimfiɗa shi da damina ba. Yana riƙe ruwa, ya yi fumfuna, fumfunar ta shiga huhun tsuntsu. Busasshen yashi kaɗan ya fi shi, muddin ana canzawa.

Akwai kuma batun lafiyarmu. Ƙurar busasshen kashi da ta gashin tattabara, in mutum ya daɗe yana shaƙa, tana jawo tari da ƙuncin numfashi. Galibi kuma yara muke turawa shara. A riƙa kankare daɓen kullum da safe da faffaɗan ƙarfe, a ɗaura ƙyalle a hanci, da hunturu a ɗan yayyafa ruwa kafin a taɓa. Mai ciwon asma da mai raunin jiki kada su yi wannan aiki. Abin da aka kwashe a tara shi a buhu nesa da madafa. Taki ne mai ƙarfi, sai ya ruɓe ake sa wa shuka.

A mazhabar Malikiyya kashin tsuntsun da ake cin namansa ba najasa ba ne, matuƙar ba ƙazanta yake ci ba. Amma tsarki a fiƙihu bai ɗauke mana nauyin tsafta ba. Tsuntsun da muka tsare amana ne a wuyanmu, kuma duk mun san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle. Maƙwabcin da wari ke shiga ɗakinsa shi ma yana da hakki a kanmu.

Kafin ruwa ya sauka, kowa ya shiga ɗakin tattabarunsa ya dafa ƙasa da tafin hannu. In ya ji danshi, gyara ya kama shi. Allah Ya sa albarka a kiwonmu, Ya kare mana iyalanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya so.