Zauren Sana'a: Kafin a Saya wa Yaro Sukwaya



Da fataucin shanu da goro aka san iyayenmu a Lome. Amma tun da aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari a 1977, aka mai da jama'a arewa wajen Agoe da Togblekope, gini bai tsaya ba, kuma duk inda ake gini ana neman kafinta da mai walda. Shi ya sa yau gidaje da yawa suna da yaro a hannun maigida yana koyon aikin katako ko na ƙarfe. In ya kammala za a yaye shi, uba ko kawu ne ke ɗaukar nauyin kayan aiki. Zarto da guduma ana zaɓensu da kyau. Sukwaya kuwa, da yake 'yar ƙarama ce, sai a bar ta ƙarshe, a saye ta da canjin da ya rage. Mu a ganinmu nan kuskuren yake. Zarto in ya dakushe yaro zai ji a hannunsa, amma sukwaya in ta karkace ba ta faɗa, sai ranar da ƙofa ta ƙi shiga gurbinta a gaban mai gini.

Sukwaya dai ita ce ma'aunin kusurwa, wadda waɗanda suka yi lekol suka sani da sunanta na Faransanci, équerre. Wadda muke magana a kai ita ce mai zamiya: rula ce ta ƙarfe mai ɗan kwari a tsawonta, da kai mai zamewa a kanta, wanda ake ɗaure shi da noti duk inda ake so. Kan yana da fuska biyu, ɗaya ta digiri 90, ɗaya ta digiri 45. Akwai ɗan lebur a jikinsa, da tsinken ƙarfe na zana layi. Wani Ba'amurke mai suna Laroy Starrett ya ƙirƙiro ta a 1877, kuma kamfanin da ya kafa a garin Athol ya yi suna a duniya da ita. Da ita kaɗai ana duba kusurwa, a auna zurfin rami, a ja layi daidai da gefen katako, a fitar da yankan firam ɗin hoto ko na taga.

To, yaya ake gane ta kirki?

Abu na farko, kada a biya kuɗi sai an gwada, kuma gwajin ba ya cin minti biyu. A tafi kasuwa da guntun katako mai gefe miƙaƙƙe sosai, da fensir mai tsini. A ɗaure notin, a jingina kan sukwayar da gefen katakon, a ja layi har ƙarshen rular. Sai a kifa sukwayar, kan ya koma ɗaya ɓangaren, a dawo daidai gindin layin farko a sake jan wani. In layukan biyu sun hau kan juna, ta yi. In sun fara tare suka rabu a sama kamar bakin almakashi, a ajiye ta a nemi wata, ko da sunan wa aka buga a jikinta. Ratar da aka gani ninki biyu ce ta karkatar. Ga lissafin, irin wanda muke ba 'yan aji: sukwayar da ta kauce da milimita 1 a tsawon santimita 30, in aka bi ta aka miƙa layin a tsayin ƙofa mai mita 2, kaucewar ta kusa milimita 7. Wannan ya isa ya sa ƙofa ta riƙa gugar ƙasa, ko ta bar kafar da sauro zai shiga.

Bayan haka a kwance notin, a zame kan zuwa tsakiya, a ɗaure, a sake gwajin. Wannan ne mutane ke mantawa. Sukwaya mai zamiya tana iya yin daidai a wuri ɗaya ta yi ƙarya a wani, in rular ba ta miƙe ba ko kwarin bai yi sumul ba. In an ɗaure kuma, a ɗan girgiza rular da yatsa. In tana motsi, ba ta da amfani.

Sai kan kansa. Mafi nagarta na ƙarfen zubi ne ko na baƙin ƙarfe, mai nauyi a hannu, fuskarsa a goge. Masu araha da tutiya ko alminiyam ake zuba su, wasu ma da roba, a shafa fenti. Waɗannan suna cinyewa daga ciki, inda rula ke guga, sai a wayi gari kusurwar ta tafi. Fenti yana ruɗi, amma maganaɗisun tsohuwar rediyo ba ya ruɗuwa: in ya kama kan, ƙarfe ne, in bai kama ba an san abin da ake saye.

A duba lambobin rular kuma. A sa farce a kai. In an ji zanen ya nutse cikin ƙarfe, zai daɗe. In fenti ne kawai aka buga a sama, gumi da guga za su share shi. Akwai wata matsala tamu ta bakin iyaka. Togo da mita take aiki, amma kaya suna shigowa ta Aflao da ta tashar jirgin ruwa, kuma daga cikinsu akwai masu inci zalla. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, ba 25 ba, kuma wannan ɗan ragowar shi ke haddasa rigima tsakanin yaron da ya koyi aiki a Gana da maigidan da ya koya a nan. A nemi mai milimita, in da hali mai duka biyun. Ta santimita 30 ta wadatar da kafinta. Ta 15 tana shiga aljihu, amma ta biyu ce, ba ta farko ba.

Mun san za a ce kuɗi. Tun da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994 kayan Turai suka fi ƙarfin talaka, kayan Sin suka cika kasuwa. Ba mu ce duk na Sin banza ba ne. A kwali ɗaya ana iya samun mai kyau da marar kyau, shi ya sa ake gwada uku ko huɗu a zaɓi ɗaya, ko da mai kanti zai ɓata rai. Manyan sunaye irin su Starrett da Mitutoyo na mai aikin injin ne da ke auna gashin ƙuma, kuma tsadarsu ta wuce aljihun sabon kafinta. Ta hannu ma ba laifi, tsohuwar sukwaya mai nauyi da ta ci gwaji ta fi sabuwa mai ƙyalli. Haka nan kada a ruɗu da mai kai uku. Kan nemo tsakiyar abu zagayayye da kan auna kowace kusurwa suna yi wa mai walda da mai tukin ƙarfe amfani, amma kafinta yakan shekara bai taɓa su ba. Gara kai ɗaya mai kyau. Lebur ɗin jikinta kuwa gajere ne ƙwarai, kada birkila ya dogara da shi wajen gini.

In an saya, sai a gaya wa yaro cewa iskar teku ta Lome ba ta barin ƙarfe. Ya riƙa goge ta da tsumma mai ɗan man inji kowace yamma, lokacin hunturu kuma ya zare rular ya kakkaɓe ƙurar da ta taru a kwarin. Kada ya goge tsatsa da sanfefa mai kaushi, zai cinye gefen. Ya rataye ta a ƙusa, ba cikin akwati tare da guduma ba. In ta faɗi a siminti, ko sau ɗaya ne, ya ɗauko katako da fensir ya sake gwajin kafin ya yi wa kowa yanka da ita.