Tumatirin Kadawa da Lissafin da Ba Mu Yi



Ya 'yan uwa matasa, idan aka ambaci almubazzaranci hankalinmu kan tafi ga shinkafar biki da ake zubarwa a kwata. Amma akwai wani nau'insa da ya fi wannan girma, wanda ke aukuwa tun kafin abinci ya isa tukunya. A shekarar 2011 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake nomawa a duniya, wato kimanin tan biliyan 1.3, yana salwanta duk shekara.

Mu ɗauki tumatir. Manoman rani na Kadawa, masu sha daga madatsar Tiga, sukan shuka a lokaci guda, saboda haka kayan ya nuna a lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas. Sai a zuba shi a kwanduna, a jibga wani kan wani cikin babbar mota, a kama hanyar Legas ta kusan kilomita 1,000 cikin zafin rana. Na ƙasa ya matse, na tsakiya ya ruɓe. Abin da ya ruɓe kuwa ya tafi da ruwan da aka shayar da shi, da takin zamani, da man da motar ta sha, da gumin mai gona. Bayan 'yan watanni damina ta sauka, tumatir ya yi wuya, uwar gida ta koma ga na gwangwani da aka shigo da shi daga Sin.

Masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, mai iya sarrafa tan 1,200 a rana, ta tsaya ba da jimawa ba saboda rashin isasshen ɗanyen tumatir, a shekarar da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki. Inji komai girmansa ba ya maye gurbin yarjejeniya da manomi a kan yaushe zai shuka, nawa zai kawo, kuma a wane farashi.

A ganina gyaran yana farawa daga lissafi. A rarraba lokacin shuka tsakanin manoma, dillali ya sayi gwargwadon abin da zai iya kaiwa lafiya, a maye kwando da akwatin roba mai jure jibgi. Wannan na ƙarshe yana da tsadarsa, domin dole a dawo da akwatunan Arewa babu kaya, kuma ƙaramin ɗan kasuwa ba zai ɗauki nauyin shi kaɗai ba sai da ƙungiya. Ragowar da ba ta samu mota ba a shanya ta a kan abu mai tsabta a yi kauɗa, ba a gefen kwalta ba.

Wani zai ce ai ajiya ɓoye kaya ce, wadda malamai suke kira ihtikari. Lalle akwai bambanci. Mai ihtikari yana riƙe abin da jama'a ke bukata don ya yi tsada, alhali Annabi Yusuf, alaihis salam, ya tsara ajiyar shekaru bakwai ne domin a ci a shekarun fari, har ya yi nuni da a bar hatsi cikin zangarniyarsa, wadda ke kare shi daga lalacewa. Ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana a bakin kasuwa, irin wanda kamfanin ColdHubs ya kafa, daga wannan babin yake.