Agogon Duba Lafiyar Tsofaffi: Ina Ribar Take?

A 'yan shekarun nan, kasuwannin wayoyi na ƙasar nan, tun daga Ikeja har zuwa Farm Centre ta Kano, sun cika da wani irin agogon hannu mai ƙidaya bugun zuciya da takun wanda ya ɗaura shi. Daga cikin masu saye akwai 'ya'yan da neman abinci ya nisanta da gida, waɗanda ke ganin agogon zai zame musu ido a kan iyayensu tsofaffi. Wannan ciniki ya cancanci 'yan kasuwa su dube shi da idon basira tun kafin su zuba jari.

Babu shakka buƙatar tana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na hallaka mutum kusan 684,000 a kowace shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne abin ya fi shafa. Manyan kamfanoni sun daɗe da hango wannan kasuwa. A 2018 kamfanin Apple ya fito da agogon da ke iya auna yanayin bugun zuciya, ya kuma gane idan mai shi ya faɗi, a kan dala 399. A 2021 kuwa Google ya kammala sayen kamfanin Fitbit a kan dala biliyan 2.1.

To, amma fa agogo ba ya warkarwa, iyakarsa ya yi kururuwa. A Amurka, idan tsoho ya faɗi bai motsa ba, agogon kan kira lambar gaggawa, motar asibiti ta zo. A ƙauyen da wuta ba ta tsayawa, ga layin waya na yankewa, ga asibiti da nisa, wa zai amsa kiran? Irin wannan agogo kan nemi caji kusan kullum, kuma ranar da batirinsa ya mutu ya koma munduwa.

Sai kuma batun farashi. Tun da aka saki Naira ta nema wa kanta daraja a 2023, kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 Naira 70,000 ne. Saboda haka sai mai ƙaramin ƙarfi ya koma ga na araha marasa suna, wasunsu har da iƙirarin auna sukarin jini ba tare da huda fata ba. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a da su guji irin waɗannan, domin ba ta amince da ko ɗaya ba. Tsoho mai ciwon sukari da ya dogara da ƙididdigar ƙarya wajen shan magani yana iya rasa ransa. Araha dai ba ta ado, kuma wajibi ne hukumar NAFDAC ta sa ido.

Ribar da za ta ɗore tana cikin hidimar da ke biye da na'urar. Ɗan kasuwa mai hangen nesa zai ba da hayar na'ura mai inganci bisa kuɗin wata-wata, ya haɗa da cajin hasken rana, ya ɗauki ma'aikatan jinya masu amsa kira da harshen da tsohon ke ji, sannan ya ƙulla yarjejeniya da asibitin unguwa. Japan ta nuna hanya: inshorar kula da tsofaffi da ta fara a 2000 tana biyan mafi yawan kuɗin hayar kayan taimaka musu. A nan ma dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, sai dai kamfanonin inshora su shigar da wannan hidima cikin tsarinsu. Bugu da ƙari, dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai tara bayanan lafiyar mutane nauyin tsare su.

Wanda ya shigo da kwantenar agogo zai ci ribar kaka ɗaya. Wanda ya tanadi mai amsa kiran tsoho cikin dare kuwa, shi 'ya'ya za su riƙa biya kowane wata da daɗin rai.