Cutar Saifa Ba Ta Tambayar Katin Ɗan Ƙasa

'Yan'uwa makiyaya, da fataken shanu, da dillalai, da mahauta, a wannan fitowa muna so mu yi magana a kan abin da ya shafi garken kowa da aljihun kowa. Mun san wasu daga cikinmu ba za su ji daɗin rabin maganar ba, hukuma kuma ba za ta ji daɗin ɗaya rabin ba. To, gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Duk mai harkar dabbobi a arewacin Ghana bai manta da watan Yuni na shekarar 2023 ba. A farkon watan ne aka tabbatar cutar saifa ta ɓulla a yankin Upper East, a gundumomin Binduri da Bawku ta Yamma da Talensi da kewayen Bolga. Shanu da tumaki da awaki suka mutu, har ɗan Adam aka rasa a Binduri. Nan da nan hukumar yankin ta hana fita da dabbobi, ta hana yanka, ta hana sayarwa, na tsawon wata guda. Babbar Salla kuwa a ranar 28 ga watan ta faɗo, wato daidai lokacin da falke yake jira shekara guda don ya loda mota zuwa Kumasi ko karar Tulaku ta Ashaiman. Wanda ya ci bashi ya sayi raguna sai ga shi yana sayen dusa yana ciyar da su, kasuwa a rufe, mai bashi a ƙofa. Wanda garkensa ƙalau yake shi ma dokar ta hau kansa, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari. A watan Yuli na wannan shekara aka ga cutar a wata gonar dabbobi kusa da Suleja a Nijeriya. Ashe ba ta san kan iyaka ba.

Ya kamata mu san abin da muke fama da shi. Wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani take kawo saifa. Idan jinin dabbar da ta kamu ya zuba ya sha iska, sai ƙwayar ta yi wa kanta ɓawo mai tauri, ta kwanta a cikin ƙasa. Rana ba ta kashe ta, fari ba ya kashe ta, tana iya yin shekaru ashirin ko talatin ko fiye a nan tana jira. A ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare saniya tana sa baki har ƙasa, ko kuwa da ruwan farko ya tono ƙasa ya tara ta a fadama, a nan ne take shiga cikin dabba. Alamominta mun san su. Saniyar da ta kwana lafiya a wayi gari ta faɗi, ciki ya kumbura da sauri, baƙin jini wanda ba ya daskarewa yana fita ta hanci da baki da dubura. In an buɗe cikin a tarar saifar ta yi girma ta yi baƙi, inda cutar ta samo sunanta ke nan. Mutumin da ya feɗe ko ya ɗauki fatar yana iya samun gyambo mai baƙin kai a hannu ko a wuya. Wanda ya ci naman kuwa tana kama masa hanji, kuma wannan tana kisa idan ba a kai shi asibiti da wuri ba.

Abin takaicin shi ne rigakafin wannan cuta ya girmi kakanninmu. Tun a shekarar 1881 wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya yi wa tumaki allurarta a gaban jama'a, waɗanda aka yi wa suka rayu, waɗanda ba a yi wa ba suka mutu. A shekarun 1930 wani likitan dabbobi mai suna Max Sterne ya samo irin da ake amfani da shi har yau, a Afirka ta Kudu. A nan gida ma, ɗakin binciken dabbobi na Pong-Tamale, wanda yake nan tun zamanin Turawa, ya daɗe da sanin haɗa ta. Sau ɗaya ake yin ta a shekara, kuma kuɗin allurar garke guda bai kai kuɗin maraƙi ɗaya ba. To, me ya sa har yanzu shanu suke mutuwa?

Bari mu fara da namu laifin, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na farko, wuƙa. Da an ga saniya tana shure-shure sai a yi maza a yanka don kada ta zama mushe, a raba wa maƙwabta, ko a kai wa mahauci a farashin banza. Mun san zafin asara, ba sai an gaya mana ba. Amma wuƙa ba ta kashe ƙwayar saifa, sai ma ta zubar da ita a inda shanunka suke kwana, ta jira 'ya'yanka a nan. Mahaucin da ya saya kuma, da matar da ta dafa, da yaran da suka ci, haƙƙinsu yana wuyan wanda ya san abin da ya kashe saniyar ya yi shiru. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya da waɗannan alamomi, kada a buɗe ta, kada a ja ta a ƙasa. A hana karnuka da ungulu zuwa kanta, a kira malamin dabbobi, a ƙone ta ƙurmus ko a binne ta a rami mai zurfin da ya wuce tsayin mutum, sa'an nan a ɗauke garke daga wurin.

Na biyu, kowa ya zama likitan kansa. A je kasuwa a sayi kwalbar teramaisin da ta sha rana a kan tebur, ko wane ciwo ne a soka. Masana sun daɗe suna gargaɗi cewa wannan ɗabi'a tana sa ƙwayoyin cuta su saba da magani har ya daina aiki, ga dabba da ga mutum, kuma ragowar maganin tana fita a nonon da matanmu suke sayarwa. Ban da haka, allurar saifa rayayyar ƙwaya ce da aka raunana. Idan ka soka wa saniya teramaisin ko fenisilin a cikin kwanakin da aka yi mata, ka kashe allurar, ka yi asarar kuɗinka, kana tsammanin ka yi rigakafi.

Na uku, ɓoyo. Da an ji ƙugin babur ɗin ma'aikacin gwamnati sai a kora rabin garke cikin daji, a nuna masa rabi. Mun gaji wannan daga zamanin jangali, lokacin da ƙirga shanu yake nufin biyan haraji. Amma saniyar da ka ɓoye wa allura, ita cutar ta san inda take.

In wani yana shakkar amfanin allura, ya tambayi tsofaffinmu labarin bushiya. A farkon shekarun 1890 ta ratsa ƙasashen nan ta share yawancin shanu, masu garke suka wayi gari da sanda kawai a hannu. A shekarar 1962 aka fara gagarumin kamfe na allura a kewayen tafkin Cadi, ya bazu har ƙasashenmu. Da aka yi sake sai ta dawo a farkon shekarun 1980, aka sake ɗaura ɗamara. A shekarar 2011 aka yi shelar cewa babu bushiya a duk faɗin duniya. Iyayenmu ne suka kora shanunsu zuwa wurin allura aka yanke musu kunne don shaida. Ba don haka ba, da yau muna nan muna kuka da ita. Saifa ba za ta ƙare kamar bushiya ba, tun da a ƙasa take kwana, amma allurar shekara-shekara tana tsare garke.

Yanzu sai mu juya ga hukuma. Tsoron da makiyayi yake ji ba daga sama ya faɗo ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta kafa dokar korar baƙi, mutanen zango da yawa, har da waɗanda aka haifa a nan, suka bar gidajensu. Tun ƙarshen shekarun 1980 ake fito da sojoji da 'yan sanda a kan makiyaya da sunan Operation Cow Leg, wato ƙafar saniya, kuma a Agogo an harbe shanu a 2016 da 2018. A watan Disamba na 2011 aka kashe Fulani 13 a Zamashegu ta gundumar Gushegu. A watan Afrilu na 2022 aka auka wa rugar Fulani a Zakoli, kusa da Yendi, aka kashe mutum takwas ko fiye, aka ƙone gidaje. A watan Yuli na 2023 kuma, ana tsakiyar fama da saifa, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta koka cewa ana mayar da ɗaruruwan mutanen Burkina Faso, yawancinsu mata da yara, zuwa inda suka gudo. Gwamnati ta musanta, ta ce tantancewa take yi. Amma a ruga kowa ya san irin fuskar da ake tsayarwa a hanya. Mutumin da ya ji an kwashe maƙwabcinsa jiya, yaya za a yi yau ya fito da shanunsa fili ya ba da sunansa a rubuta?

Ba mu ce babu ɓata-gari a cikinmu ba. Akwai mai sakin shanu a gonar doya da dare, akwai ɓarawo, kuma manomin da aka cinye wa gumin shekara yana da gaskiyar kuka. A kama mai laifi da sunansa, a kai shi gaban shari'a, ya biya. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ɗora laifin mutum ɗaya a kan ƙabila.

Kuma mu ba baƙi ba ne a wannan sana'a a ƙasar nan. Tun kafin a haifi sunan Ghana ayarin Hausawa suke sauka a Salaga da shanu da kanwa da tufafi, su koma da goron Asante, ta hanyar da ta ratsa Yendi. Yaƙin Salaga na 1892 ne ya watsa fataken zuwa Kete Krachi da sauran zangunan kudu. Ban da wannan, kowa ya sani cewa shanu da yawa da ake gani a hannun Bafulatani a ƙasar Gonja da Dagbon da kewayen Bawku ba nasa ba ne. Na sarakuna ne, da manoma, da 'yan kasuwa, da ma'aikatan gwamnati, shi kiwo kawai aka ba shi. Duk da haka yaron da aka haifa a Salaga, ubansa ma a nan aka haife shi, sai ya je neman katin Ghana a dubi sunansa da hancinsa a ce ya kawo wata shaida. Katin nan kuwa da shi ake rajistar layin waya, da shi ake buɗe asusun banki. Wanda ba ya cikin littafin gwamnati, shanunsa ma ba sa ciki, kuma abin da ba a ƙirga ba ba a yi masa tanadin allura.

A Bawku abin ya haɗu biyu. Rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi, wanda ya sake tashi a ƙarshen 2021, ya kawo dokar hana fita da tsoron hanya. Ba mu da baki a maganar sarauta, addu'a ce tamu. Amma mun san inda bindiga take ƙara malamin dabbobi ba ya shiga. Ga kuma yaƙin 'yan bindiga a Burkina Faso yana koro mutane da dabbobinsu ta ɓarauniyar hanya. A shekarar 1998, a Abuja, ƙasashen ECOWAS suka amince cewa makiyayi yana iya ƙetare iyaka da takardar da ta nuna yawan shanunsa, da alluran da aka yi musu, da hanyar da zai bi. A watan Janairu na 2025 Burkina Faso da Mali da Nijar suka fita daga ƙungiyar. Shanu dai ba su fita daga neman ciyawa da ruwa ba. Idan ba a buɗe musu ƙofar da likita yake tsaye ba, za su shigo ta inda babu kowa.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Abinci da Aikin Gona da majalisun gundumomi su mai da allurar saifa abin kowace shekara, a watan Maris da Afrilu kafin ruwa ya sauka, kada a jira sai an rasa rai. A sanar da rana ta bakin sarakunan Fulani da sarakunan zango da limamai, da Hausa da Fulatanci. Ranar allura kuma ta zama ranar allura kawai, kada a zo da mai karɓar haraji ko mai tambayar takardar zama. Wanda ya kai rahoton mushe a gode masa, kada a mai da shi mai laifi, in ba haka ba gobe babu mai faɗa. A sa malaman dabbobi a Kulungugu da Paga da sauran mashigai, da firiji mai aiki, domin allurar da ta sha zafi ruwa ce. Hukumar katin ɗan ƙasa kuma ta bi doka a kan kowa daidai.

Ga sarakunanmu iyayen ƙasa, tun daga fadar Ya-Na a Yendi har fadar Kpembewura kusa da Salaga, muna roƙo: wanda aka ba masauki aka karɓi gaisuwarsa, a tsaya masa ranar wuya, a kuma keɓe burtali da mashaya yadda saniya ba za ta bi ta gona ba.

Ga masu shanun da suka ba da kiwo, kuɗin allura naku ne, kada ku bar wa yaron da kuke biya da nono.

Mu kuma 'yan'uwa, mu fito da garke gaba ɗaya, har da maraƙin da ya isa. Mu karɓi takardar allura mu adana ta kamar yadda muke adana kuɗi. Dillali ya tambaye ta kafin ya sa baki a ciniki, falke ya tambaye ta kafin ya loda mota. Mu tambayi malamin dabbobi kwana nawa za a jira bayan allura kafin a yanka ko a sayar don yanka, mu kiyaye. Ranar da za mu zauna da hukuma a kan burtali da kati da diyya, wannan takarda ita ce za ta yi mana magana, domin mai neman haƙƙinsa gara ya je da hannunsa a wanke.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da iyalanmu, ya ba Bawku da ƙasa baki ɗaya lafiya da zama lafiya, amin.