Goyo a Baya, Littafi a Hannu

A ƙasar Amurka, cikin kowane ɗalibai biyar masu neman digiri na farko ko difloma, kusan ɗaya yana da ɗan da yake reno. Mafi yawansu mata ne, da dama kuma ba su da miji a kusa. Sau da yawa ba wuyar lissafi ko kimiyya ke fitar da irin wannan ɗaliba daga makaranta ba, rashin wanda za ta bar wa yaro ne. A jihohi da dama, abin da gidan reno ke karɓa a kan jariri guda a shekara ya zarce kuɗin makaranta na jami'ar gwamnati.

Don haka ne a 1998 Majalisar Dokokin ƙasar ta kafa wani shiri da ake kira CCAMPIS. Ana bai wa jami'a ko kwaleji kuɗi na tsawon shekara 4, ita kuma ta gudanar da gidan reno ko ta rage wa ɗalibai marasa galihu kuɗinsa, musamman masu cancantar tallafin karatu na Pell. Sai dai abin da aka riƙa warewa bai taka kara ya karya ba. An daɗe ana ba da wajen dala miliyan 15 a shekara, sai a 2018 aka ɗaga zuwa miliyan 50, a 2023 ya kai miliyan 75. Ɗalibai masu 'ya'ya kuwa miliyoyi ne, waɗanda shirin ya kai gare su dubbai kawai.

Duk da haka, a 2017 da kuma 2025 fadar shugaban ƙasa ta nemi a soke shi, bisa hujjar cewa akwai wani tallafin reno da jihohi ke rabawa. Hujjar tana da rauni, domin jihohi da yawa suna gindaya wa ɗalibi sharaɗin yin aikin albashi, ko su taƙaita irin karatun da za su lamunta. Ɗalibar aikin jinya da ke kwana a asibiti wajen koyon aiki, ina za ta sami waɗannan sa'o'i?

Lissafin a fili yake. Gwamnati ta riga ta zuba kuɗin Pell a kan wannan ɗaliba. In ta bar karatu a shekara ta biyu, ba ta da takardar shaida, ga bashin karatu a wuyanta, asibitin da ke jiran ma'aikaciya kuma ya rasa.