Kafin ka sauya gilashin tagarka, fara neman inuwa

Tun watan Afrilun 2024, da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A daga ƙasa da Naira 70 zuwa Naira 225 kowane yunit, hirar masu gida da mu ma'aikatan gini ta sauya. A da, gardamar ba ta wuce launin gilashi: shuɗi, kore, ko mai ɗaukar ido. Yanzu kuwa sai ka ji mai gida ya ce, "Injiniya, an ce akwai gilashi mai ninki biyu da ke rage cin wuta. In ciccire na gidana in sa shi?" Amsata ɗaya ce kullum: ranka ya daɗe, gilashin na da kyau, amma shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka saya.

Yadda aka yi shi ba wani sirri ba ne. Fallen gilashi biyu ne ake haɗawa, a bar tazarar milimita 12 zuwa 16 a tsakaninsu, a cika ta da busasshiyar iska ko iskar agon, sannan a liƙe gefunan ruf. Iskar da ba ta motsi ba ta da saurin miƙa zafi, don haka zafin da ke ratsa shi kusan rabin wanda ke ratsa falle ɗaya ne. A Amurka aka fara ƙera shi da sunan Thermopane a shekarun 1930, ya kuma bazu sosai bayan tsadar man fetur ta 1973. Sai dai a lura da waɗanda aka yi shi dominsu: mutanen da ke shafe watanni ruwa na daskarewa a waje, suna ƙona gas don ɗumama ɗaki. Damuwarsu kada ɗumi ya fice. Mu a Kano da Sakkwato da Maiduguri, inda bazara ke haura digiri 40, damuwarmu kada rana ta shigo.

Ta hanya biyu zafi ke shiga ɗaki ta taga. Akwai wanda iskar waje ke miƙa wa gilashi, shi kuma ya miƙa ciki. Akwai kuma hasken rana da ke ratsowa kai tsaye, ya sauka a kan tayil da kujeru, ya zama zafi. Mu ɗauki taga mai faɗin murabba'in mita biyu da ke kallon yamma, waje na digiri 40, ciki na 25. Ta hanyar farko, falle ɗaya zai shigo da wat kusan 170, ninki biyu kuma kusan 85. Ta hanya ta biyu, idan ranar la'asar ta dako tagar, abin da ke shigowa ya kai kusan wat 1,000, tamkar an jona dutsen guga an bar shi a tsakiyar falo. Farin gilashi mai ninki biyu ba ya rage wannan sai kaɗan, domin kusan kashi 75 cikin 100 na zafin rana na ratsa shi, alhali falle ɗaya na barin kusan kashi 85. Wanda ya kashe miliyoyi a kan wannan bambanci ya bar jaki yana dukan taiki.

Na sha shiga irin wannan falo a sababbin unguwanninmu. Bango guda kusan duk gilashi ne, yana fuskantar faɗuwar rana, ba rumfa, ba bishiya. Da ƙarfe huɗu na yamma an saki labule mai kauri, an kunna fitila da rana tsaka, na'urar sanyaya ɗaki na ta nishi. Ka zura hannu bayan labulen, sai ka ji iska mai zafi na tasowa sama, firam ɗin alminiyam kuwa ba ka iya daɗewa da tafin hannu a kansa. Labulen ya tare haske, amma zafin ya riga ya shigo gida. Uwargida ta kwashe yara sun koma tsakar gida, falon da ya fi kowane ɗaki cin kuɗi ya zama na baƙin dare kawai.

Shi ya sa nake cewa a bi abin daki-daki. A fara da rufi, domin a gidan da ba bene ba, kwano ne ke shan rana tun hantsi har la'asar. A shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashinsa ko a bisa silin, a bar kafar da iska mai zafi za ta fice. Sai inuwa daga waje: 'yar rumfa a saman tagogin kudu da arewa ta wadatar, tun da rana a nan sama take bi. Gabas da yamma su ne masu wuya, saboda rana na shigowa a kwance, don haka suna son baranda mai zurfi, ko katangar bulo mai huda, ko darbejiya da aka dasa nesa kaɗan da harsashin gini. Sai toshe kafofin gefen tagogi. Bayan duk wannan ne maganar gilashi ke zuwa.

Idan ta zo, ina goyon bayansa ba tare da wata-wata ba a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki sa'o'i masu yawa: ɗakin kwana, ofis, ɗakin marasa lafiya, kantin magani. A nan duk wat ɗin da aka tare kuɗi ne, ko na mita ko na man janareta, wanda ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Yana kuma rage hayaniyar titi da ƙarar injin maƙwabta. Amma gidan da ke kwana da tagogi a buɗe saboda ba wuta, gilashi mai tsada ba zai tsinana masa komai ba. Abin da wannan gida ke buƙata tagogi ne masu kallon juna da iska za ta ratsa, da raga mai kyau ta sauro.

Mai saye kuma ya buɗe ido. Ya nemi gilashin da aka yi wa shafin Low-E, wato wani siririn shafin azurfa da ido ba ya gani, kuma ya tabbatar na tare rana ne, domin akwai wanda aka yi don ƙasashen sanyi, mai barin rana ta shigo da gangan. Ya ce a nuna masa takardar masana'anta mai ɗauke da adadin da ake kira SHGC, wato kason zafin rana da ke ratsa gilashin. Idan ya haura 0.4, bai dace da tagar yamma ba. Ya duba firam: alminiyam zalla na miƙa zafi da sauri, sai in an raba cikinsa da wajensa da roba mai tauri, ko a yi amfani da firam ɗin roba na uPVC mai jure rana. Ya duba rufuwa: duk wanda ya taɓa share layin tagar silaidin a watan Janairu ya ga jar ƙurar hunturu da ke taruwa a ciki, ya ga gashin gefen ya cinye. Inda ƙura ta bi ta shigo, nan sanyin da ka saya ke bi ya fice. Taga mai buɗewa kamar ƙofa, mai roba a kewaye, ta fi kamewa. Kada kuma a yarda da wanda zai jera falle biyu a shago ya liƙe da gam. In ba a masana'anta aka rufe shi da sinadarin tsotse danshi ba, damina ɗaya ta isa raɓa ta kwanta a tsakiya, inda tsumma ba ya kaiwa. Araha ba ta ado.

Magabatanmu sun san wannan lissafi ba tare da alƙaluma ba. Wanda ya shiga Gidan Makama a Kano, ko tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, zai ga bango mai kauri da ƙananan tagogi, zai kuma ji sanyi tun daga bakin ƙofa. Ba ina cewa a koma ɗakuna masu duhu ba, haske da iska haƙƙin mazauna gida ne. Ƙa'idarsu ce abin riƙewa: a tare rana tun tana waje.

Ƙa'idar ma tana rubuce. A 2017 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da kundin tsimin makamashi a gine-gine, wanda ya ce kada tagogi su wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai an yi musu inuwa, ya kuma tanadi sa abin tare zafi a rufi. Amma jihohi ne ke ba da izinin gini, don haka aikin na hannun hukumomin tsara biranensu. Ina kira gare su da su riƙa tambayar mai zane inda tagoginsa ke kallo kafin su buga hatimi, kwalejojin fasaha kuma su koya wa matasanmu masu aikin alminiyam haɗa firam mai kamewa. Juya taga a kan takarda ba ya cin ko kwabo, amma gidan da aka gina yana kallon rana, mai shi da 'ya'yansa za su yi ta biyan kuɗin kuskuren a kowace bazara.